Kundin Aikin Rafi: Daga Afrilu Zuwa Disamba 2024

12 ga Afrilu

Shekaranjiya aka yi Ƙaramar Sallah, yau ga ni a bakin ruwa. Na buɗe wannan kundi don kada in manta yadda aikin ya tafi, kuma don abokan karatuna na gida da ba su gajiya da tambayar me nake yi a kudancin jihar Minesota ta Amurka da kullum hotona a cikin wandon roba yake, a tsakiyar gonakin masara.

An ba mu wani ɗan rafi mu bibiye shi damina biyu. Ba zan faɗi sunansa ba, domin hukunci bai fito ba tukuna, kuma mutanen da ke zaune a gefensa suna da gonaki da mutuncin da za su kare. Ruwansa yana gangarawa Kogin Blue Earth, shi kuma ya haɗu da Kogin Minesota a garin Mankato, daga nan sai Misisipi.

Tushen aikin wata doka ce ta Amurka ta 1972, Dokar Tsaftar Ruwa. Sashenta na 303(d) ya wajabta wa kowace jiha ta fitar da jerin ruwayenta da suka gaza, ta miƙa wa hukumar kare muhalli ta tarayya, EPA, duk shekara biyu, ranar 1 ga Afrilu. Jerin bana ya riga ya wuce mu, na gaba muke yi wa tanadi. A Minesota hukumar yaƙi da gurɓatar muhalli ta jihar, MPCA, ce ke haɗa jerin. Mu ƙaramar ƙungiya ce da ke tara mata bayanai.

Ma'anar gazawa a nan ita ce ta ba ni wahala a makon farko. Kowane ruwa an rubuta masa aikin da aka ware shi dominsa: sha, ko wanka da iyo, ko rayuwar kifi da sauran halittu. Kowane aiki yana da mizaninsa. Ruwan da ya kasa cika mizanin aikinsa shi ne ya gaza. Da zarar sunansa ya shiga jerin, sai an yi masa lissafin da ake kira TMDL, wato iyakar ƙazantar da zai iya ɗauka a rana ya zauna lafiya, a raba wannan nauyi a kan masu zuba masa abubuwa. Wannan lissafi yana iya taɓa lasisin masana'antar tace ruwan gari, yana iya jawo kuɗin gyara, yana iya jawo ƙara a kotu.

Da muka tsaya a kan gada na leƙa, ruwan kamar kunun kanwa. Na ce da shugabarmu, wadda zan riƙa kira uwar ɗakina a wannan kundi, ai wannan ba ya buƙatar awo, kowa ya ga kura ya san ta ci akuya. Na fassara mata karin maganar, ta yi dariya, sannan ta jero mini tambaya uku: wane aiki ya kasa, da wane mizani, samfuri nawa ke hannunka. Ko ɗaya ban iya amsawa ba.

24 ga Afrilu

Mun tsayar da wuraren ɗibar ruwa uku: kwalbatin da ke can sama inda rafin yake kamar lambatu miƙaƙƙe, gadar tsakiya, da wani wuri kusa da inda yake faɗawa babban kogi. Ba a yanke wa rafi hukunci gaba ɗayansa, gunduwa-gunduwa ake yi, kowace gunduwa da lambarta.

Kayan aiki ba su da yawa. Na'urar awon oksijin da zafi da tsamin ruwa, wadda sai an daidaita ta kowace safiya kafin a fita. Kwalabe masu hatimi. Kula cike da ƙanƙara. Da bututun Secchi, wani dogon bututu mai tsawon santimita 100 da fari da baƙin faifai a ciki: ka cika shi da ruwan rafi, ka duba a wane zurfi faifan ke ɓace wa ido. Lokaci-lokaci muna cika kwalba biyu a wuri ɗaya don a gwada ko ɗakin gwaji zai ba da amsa iri ɗaya, muna kuma kai kwalbar tataccen ruwa zalla don a tabbatar ba hannunmu ne ke sa dattin ba.

9 ga Mayu

Wurin na uku sai an ratsa gonar wani dattijo kafin a kai. Yau na je neman izini, na ɓata kusan awa biyu, ban kuma yi da-na-sani ba.

Ya karɓe ni da fara'a amma bai ɓoye damuwarsa ba. Ya ce kakansa ne ya fara noma wurin, kuma duk lokacin da mutanen gwamnati suka zo da kwalba, abin da ke biyo baya sabuwar doka ce. Ya nuna mini ciyawar da ya bari a bakin rafin. Dokar jihar ta 2015 ce ta sa: a bar shingen ciyawa mai faɗin ƙafa 50 a matsakaici a gefen rafuka da tafkunan jama'a, ƙafa 16 da rabi a gefen magudanan da hukuma ta haƙa. Ya ce ya bi, ya rasa layukan masara masu yawa, yanzu kuma me ake nema?

Na gaya masa gaskiya, cewa ni ba ni ke yanke hukunci ba, kuma sakamakon yana iya wanke rafin kamar yadda yake iya kama shi. Ya ce in haka ne in wuce, amma in riƙa rufe masa ƙofar shinge, kuma duk abin da na samu ya fara ji daga bakina kafin ya gani a jarida. Na ɗauki alkawari.

Shi ne ya nuna mini bakin wani bututun roba da ke tsiyayar da ruwa garai-garai cikin rafin. Ƙasar wannan yanki asalinta fadama ce mai riƙe ruwa. Manoma sun shimfiɗa bututai masu huji a ƙarƙashin gonaki don su tsotse ruwan, in ba haka ba masara da waken suya ba za su yi ba. Ruwan bututun ya fi na rafin kyan gani nesa ba kusa ba, amma shi ne ke ɗauke da nitiret ɗin da taki ya bari. Wanda ido ya wanke, shi ne awo ke tuhuma.

22 ga Mayu

Sakamakon E. coli na farko ya fara dawowa, to bari in rubuta ƙa'idar tun da sauran wuri a kaina.

Ita ƙwayar E. coli a hanjin mutum da dabba take zaune. Yawancin nau'o'inta ba sa sa cuta, amma ganinta a ruwa alama ce kashi ya shiga, na shanu ko aladu ko tsuntsaye ko na ramin masai da ya lalace. A ɗakin gwaji ana zuba mililita 100 na ruwan tare da wani gari a cikin faranti mai gurabe 97, a rufe, a ajiye a zafin digiri 35 na awa 24. Gurbin da ya koma rawaya kuma ya yi ƙyalli a ƙarƙashin fitilar da ake haska shi da ita, akwai ƙwayar a ciki. Daga yawan guraben ake fitar da adadi.

Mizanin irin rafinmu yana aiki daga 1 ga Afrilu zuwa 31 ga Oktoba, lokacin da mutane ke shiga ruwa, kuma ƙofa biyu gare shi. Ta farko: matsakaicin wata kada ya wuce 126 a mililita 100, kuma sai da samfuri aƙalla biyar a watan. Ta biyu: kada fiye da kashi 10 cikin 100 na samfuran su wuce 1,260.

Matsakaicin ma ba irin wanda muka koya a firamare ba ne. Ninka lambobin ake yi da juna, sannan a nemi lambar da in aka ninka ta da kanta sau biyar za ta ba da wannan jimla. Ga misali na ƙirƙira don ya zauna mini: 30, 50, 60, 90, 2,000. In ka tara ka raba biyar, 446 za ka samu, rafi ya faɗi warwas. In ka bi hanyar ninki, kusan 110 ne, ya tsallake. An zaɓi wannan hanya don kada rana ɗaya da saniya ta tsaya a sama da kai ta ɓata wa wata guda suna. Ita kuma ƙofa ta biyu an kafa ta ne don kada irin wannan 2,000 ta riƙa maimaituwa tana ɓuya a bayan matsakaici. Na daɗe ban ga ƙa'idar da ta burge ni haka ba.

5 ga Yuni

Na yi kuskure, kuma nawa ne ni kaɗai.

Makonni shida ina awon oksijin da rana tsaka, saboda na tsara zagayena yadda zan kai kwalaben E. coli ɗakin gwaji da zafi-zafinsu kafin a tashi. Lambobin suna ta fitowa da kyau, ina murna. Yau uwar ɗakina ta duba takardun, ta ɗora yatsa a kan layin lokaci, ba ta ce komai ba. Nan take na gane.

Gansakuka da ciyayin ruwa suna fitar da oksijin da rana, da dare kuma su da duk abin da ke cikin ruwan shaƙarsa suke yi. Saboda haka oksijin yakan kai ƙololuwa da yamma, ya faɗi ƙasa da asuba. Mizanin rafi mai ɗumin ruwa irin namu miligiram 5 ne a lita, kuma mafi ƙarancin na yini ake nufi. Rafukan sanyi da kifin trout ke zaune cikinsu 7 ake nema musu. Awon da aka yi kafin ƙarfe 9 na safe shi ne ke da nauyi wajen wanke rafi. Nawa na ƙarfe biyun rana sun nuna dai rafin yana da lafiya a lokacin da ya fi kowane lokaci lafiya, kamar ka auna zazzaɓin mara lafiya bayan ya sha magani.

Ba a zubar da su ba, suna nan da lokacinsu a rubuce. Amma daga gobe, in na idar da sallar asuba sai mota.

17 ga Yuni

Jiya Babbar Sallah. Na kira gida, aka ba ni Baba. Mu mutanen Wudil ne, kakannina masunta, Baba ma ya yi su da ƙuruciya kafin ya koma kasuwa. Ya ce, "Kai yaro, har yanzu kana nan kana auna ruwan Turawa da cokali?" Na ce, "Ina nan, Baba." Ya ce su a zamaninsu in suna son sanin lafiyar kogi koma suke jefawa: in giwan ruwa ta yi ƙaranci, tarwaɗa ta yi yawa, an san ruwa ya sauya, don tarwaɗa ko a taɓo rayuwa take. Ya ƙara da cewa ruwa ba ya tsami banza.

Na ce masa su ma nan abin da suke yi ke nan, sai dai sun sa masa lamba, kuma a watan Agusta za mu yi. Ya ce to su zo su biya shi kuɗin ilimi.

26 ga Yuni

Kwana da kwanaki ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Gonaki sun zama tafkuna, an rufe hanyoyi. Shekaranjiya, 24 ga wata, Kogin Blue Earth ya kewaye madatsar Rapidan da ke kudu maso yammacin Mankato. Tsohuwar madatsa ce, tun 1910. Itatuwa da tarkace suka toshe ƙofofinta, ruwan ya sara wa kansa sabuwar hanya ta gefen yamma, ya cinye gaɓar, jiya kuma wani gida da ke bakin wurin ya rufta ciki. Lakar da ta taru a bayan madatsar shekara da shekaru tana ta gangarawa ƙasa.

Namu rafin ya haura gadar tsakiya. Na'urar da muka ɗaure a ƙarƙashinta don ta riƙa awon oksijin dare da rana ta tafi, har da sarƙar. Wurin dattijo ba ya shiguwa ko da ƙafa. Daga kan titi na zura guga da igiya a kwalbatin sama na ɗebi abin da ya samu. A bututun Secchi faifan ya ɓace tun ruwan bai kai tsawon yatsa ba.

3 ga Yuli

Samfurin ambaliya ya dawo, duk guraben 97 sun yi ƙyalli. Iyakar abin da farantin ke iya ƙirgawa 2,419.6 ne, sai aka rubuta "ya fi haka". Da na yi tunani da na ce a tsarma ruwan kafin a zuba, da mun san ainihin adadin. Lakar ma ta ninka mizani sau da yawa.

Na shiga ofis da takardar a hannu ina cewa ai magana ta ƙare. Muka yi doguwar muhawara da uwar ɗakina, kuma ita ce da gaskiya, ko da yake sai da na kwana na yarda.

Mizanin laka a kudancin jihar miligiram 65 ne a lita, daga Afrilu zuwa Satumba. A tsakiyar jihar 30 ne, a arewa 15, domin ƙasar ba iri ɗaya ba ce. Dokar ba ta ce kada a taɓa wuce shi ba, cewa ta yi kada a wuce shi fiye da kashi 10 cikin 100 na lokacin. An riga an san rafi zai yi jawur in an yi ruwa mai ƙarfi. Abin da ake tambaya shi ne sau nawa, kuma kwana nawa yake ɗauka kafin ya washe. Ana son samfuri aƙalla 20 da ke wakiltar damina gaba ɗayanta. In na riƙa rugawa rafi duk ranar da aka yi ruwa, na zauna a ofis ranar da gari ya yi wasai, zan tara lambobi na gaskiya, ko ɗaya babu ƙarya, amma su ba da labarin ƙarya. Haka wanda ke fita ranar da hanya ta bushe kawai zai wanke rafin da bai cancanci wankewa ba. Shi ya sa aka tsara ranakun fita tun Afrilu, kafin kowa ya san yadda sama za ta yi, kuma duk samfurin da aka ɗiba a wajen tsarin sai an yi masa alama.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Yuni ya ƙare da samfurin E. coli uku kacal a wurare biyu. Biyar ake nema. Sauƙin abin shi ne ana haɗa watan Yuni na shekaru daban-daban cikin shekara goma da suka gabata a yi lissafi ɗaya, don haka na baɗi zai cike gurbin.

19 ga Yuli

Ruwa ya koma cikin gaɓarsa. An aro mana wata na'urar, mun ɗaure ta da sarƙa biyu. Sauro kuwa, ban taɓa zaton akwai ƙasar da za ta kunyata na Wudil ba.

Nitiret ya haura 10 a samfuran Yuni, yanzu yana sauka. Miligiram 10 a lita shi ne mizanin ruwan sha, amma rafinmu ba a ware shi don sha ba, kuma jihar ba ta kammala kafa mizanin nitiret na kare halittun ruwa ba. Ke nan lambar tana nan a takarda, babu ƙugiyar da za a rataye ta. Wannan giɓi ne a ganina, ba ƙarami ba, ganin cewa ruwan nan ne ke tafiya har Tekun Meziko inda taki ke haddasa yankin da oksijin ke ƙarewa duk bazara.

8 ga Agusta

Ranar kifi. Sai da aka jira ruwa ya kwanta sosai, don in an yi a kan ambaliya kifayen sun watse, lissafin ba zai yi ma'ana ba.

Masana halittun ruwa ne suka jagoranta, ni mai riƙe koma ne. An auna faɗin rafin aka ninka sau 35, wannan ne tsawon da za a bi. Mutum ɗaya yana goye da na'ura mai batir, yana zura sanda cikin ruwa, lantarkin ya sumar da kifi na ɗan lokaci ya taso, mu kwashe mu zuba a bokiti. A ƙarshe aka zauna a gaɓa aka rarrabe su iri-iri, aka ƙirga, aka auna, aka duba ko akwai masu gyambo ko karkataccen baya, aka mayar da su.

Kifin da yawa, har na fara murna. Sai ɗaya daga cikinsu ta nuna mini cewa kusan duk bokitin iri uku ne zuwa huɗu, kuma duka masu jure wahala ne, tarwaɗar wannan ƙasa ke nan. Ƙananan kifayen da ake kira darter, masu son tsakuwa mai tsabta su yi ƙwai a kai, 'yan kaɗan muka gani. Na taka ƙasan rafin na gane dalili: tsakuwar tana nan, amma laka ta cike tsakaninta kamar an yi mata daɓe.

Daga irin wannan ƙirga ake fitar da maki ɗaya, a gwada shi da makin da ake sa ran rafi mai wannan girma a wannan yanki zai samu. Haka za a yi wa ƙananan halittun da ke maƙale a ƙarƙashin duwatsu da itace, 'ya'yan ƙwari da katantanwa da matsattsaku, su an zuba su a kwalba da sinadari an tafi da su, sai hunturu za a ji. Amfanin wannan hanya shi ne kwalbata tana ba da labarin minti ɗayan da na ɗebi ruwa, kifi kuwa yana cikin ruwan dare da rana, har ranakun da ba na nan. In makin ya gaza, rafi yana iya shiga jerin ko da duk awon sinadarai ya fito lafiya, sannan a buɗe wani bincike na daban don gano abin da ke damun halittun.

Na tura wa Baba hoton bokitin. Ya aiko da saƙon murya cewa waɗannan ko kyanwa ba za a ba ba.

29 ga Agusta

Na ciro na'urar bayan ta yi mako biyu a kowane wuri. Zanen oksijin da ta fitar kamar haƙoran zarto: sama da yamma, ƙasa da asuba, kowace rana. A wasu asubahin ya sauka ƙasa da 5 a wurin sama, inda babu inuwa kuma gansakuka ta yi shimfiɗa. Zafi ma yana da hannu, domin ruwa mai sanyin ƙanƙara yana iya riƙe oksijin kusan miligiram 14 da rabi a lita, a digiri 25 kuwa 8 da 'yan kai ne iyakarsa. A wurin dattijo, inda bishiyoyi suka rufe rafin, zanen ya fi kwanciya.

27 ga Satumba

Bayan ambaliyar Yuni, sai ga fari. Watan nan kusan ko ɗigo ba a yi ba. Wurin sama ya daina gudu, ya zama kududdufai a jere. Na auna ɗaya, oksijin ya yi ƙasa ƙwarai, na rubuta, na kuma rubuta a gefe da manyan baƙaƙe cewa ruwa ba ya tafiya. Mizanin yana da iyaka ta ƙasa: in gudun rafi ya faɗi ƙasa da mafi ƙarancin gudun kwana bakwai da akan samu sau ɗaya a shekara goma, ba a kama shi da laifi. Kududdufi ba rafi ba ne. Da a watan Afrilu ne da na yi gardama. Yau da kaina na sa alamar.

31 ga Oktoba

Lokacin E. coli ya rufe yau. Yuli da Agusta sun cika biyar-biyar a wurare biyu na ƙasa, kuma matsakaicinsu ya haura 126. Satumba ya cika a wurin dattijo kawai. Yuni da saura. Aƙalla wata uku masu cikakken samfuri ake so, an fi son su faɗo tsakanin Yuni da Satumba.

Na cika alkawari, na je na gaya wa dattijo. Ya yi shiru, sannan ya ce shi ba shi da dabba ko ɗaya, shekara goma sha da sayar da shanunsa. Na ce na sani, kuma awon bai ce daga gonarsa ba ne, bai ma faɗi daga ina ba. Neman tushe aikin gaba ne. Ya ce akwai tsofaffin gidaje a sama da ba a taɓa sauya musu ramin masai ba, akwai kuma masu watsa takin aladu da kaka. Na ce ba zan rubuta sunan kowa ba. Ya ba ni buhun tuffa daga bishiyar bayan gidansa.

21 ga Nuwamba

Zaman bitar bayanai. Maganar laka ce ta ci rabin yini.

Wani masanin ƙasa ya tuna mana cewa kwarin Kogin Minesota ba kogin yanzu ne ya haƙa shi ba. A ƙarshen zamanin ƙanƙara wani ƙaton tafki, Agassiz, ya fashe ta kudu, ruwansa ya yanka kwari mai zurfi da faɗi. Rafukan da ke gefe suka wayi gari a sama, tun daga lokacin suke cin ƙasa suna neman su sauko daidai da shi. Shi ya sa kusa da bakinsu ake da dogayen gaɓoɓi masu zaizayewa, kuma kaso mai yawa na lakar daga nan take fitowa, ba daga saman gona ba. Sunan jihar ma daga harshen Dakota yake, wata al'umma ta 'yan asalin yankin, yana nufin ruwa mai hazo-hazo. To in laka halittar wurin ce, da wane dalili za a ce rafi ya gaza?

Wata ta amsa cewa gaɓar tsohuwa ce, amma yawan ruwan da ke dukanta sabo ne. An tsane fadamu, an shimfiɗa bututai, an miƙe rafuka, ruwan sama ma ya ƙaru, duk ruwan da da yake kwana a ƙasa yanzu a guje yake isowa. Lakar da ke taruwa a Tafkin Pepin, can ƙasa a kan Misisipi, ta nuna saurin cikarsa ya ninka sosai tun da aka fara noman yankin. Akwai rukuni na musamman da ake sa ruwan da yanayinsa na asali ne ya hana shi cika mizani, amma sai an kawo hujja cewa hannun mutum bai taɓa shi sosai ba, kuma a yankin da kusan kowane taku gona ce wannan hujja tana da wuyar samu.

Ba a tashi da matsaya ba, ba kuma zaman yanke hukunci ba ne. Ni dai na karkata ga maganarta.

12 ga Disamba

Na gama shigar da bayanan bana cikin rumbun jihar, kowace lamba da ranarta da lokacinta da alamarta. Yadda abin yake a yanzu: E. coli ya kusa isa a gunduwar ƙasa, laka samfuri 14 ke cikin tsari, saura shida, oksijin na kafin ƙarfe 9 bai kai 20 ba saboda makonnin da na ɓatar, makin kifi da na ƙwari ana jira. In da yau za a yanke, yawancin layukan a rukunin "bayanai ba su isa ba" za su faɗa, kuma na lura mutane suna karanta wannan rukuni kamar an ce lafiya lau, alhali cewa aka yi ba a gama dubawa ba.

Bayan damina ta biyu, masanan hukumar za su gwada lambobin da mizani, a zauna da mutanen yankin da suka san rafin a ji ko akwai abin da lamba ta ɓoye, a fitar da daftarin jeri jama'a su yi sharhi, sannan a aika wa EPA, wadda doka ta ba kwana 30 ta amince ko ta ƙi. Takan ƙi kuwa. A 2021 ta ƙara ruwaye fiye da 30 a jerin Minesota saboda sinadarin salfet da ya wuce miligiram 10 a lita a wuraren da shinkafar daji ke fitowa, abincin da al'ummar Ojibwe, su ma 'yan asalin yankin, ke kira manoomin. Mizanin yana rubuce tun 1973.

Rafin ya fara daskarewa daga gefe. A watan Fabrairu zan fasa ƙanƙara a gadar tsakiya in ɗebi samfurin gishiri, don titin da ke kanta ana watsa masa gishiri duk hunturu, kuma cokalin shayi ɗaya ya isa ya kai galan biyar na ruwa iyakar mizani, miligiram 230 na sinadarin chloride da ke cikin gishiri a lita. Na riga na zana ranakun fitar baɗi, na sa shida a Yuni maimakon biyar, duka ƙarfe 6 na safe. Dattijo ya kira ɗazu ya ce ya sauya kwaɗon ƙofar shinge, in biya in karɓi mabuɗi kafin dusar ƙanƙara ta rufe hanyar.